Sharhi: Wa ke biyan kuɗin koyon tuƙin katafila a Amurka?

A daidai lokacin da kamfanonin gine-gine a Amurka ke kukan ƙarancin ƙwararrun ma'aikata, hankalin 'yan siyasar manyan jam'iyyun ƙasar biyu ya karkata ga wani tsohon tsarin koyon sana'a, wanda ƙungiyoyin ƙwadago suka shafe shekaru da dama suna tafiyar da shi.

A watan Afrilun 2025 Shugaba Donald Trump ya rattaba hannu kan wani umarni, inda ya buƙaci ma'aikatun ƙwadago da ilimi da kasuwanci su fito da shirin da zai kai yawan sababbin masu koyon sana'a a hukumance zuwa fiye da miliyan ɗaya. Wanda ya gada, Joe Biden, shi ma ya yi ta tallata wannan hanya a tsawon mulkinsa.

Ƙungiyar 'yan kwangila ta ABC ta yi ƙiyasin cewa a shekarar 2025 kaɗai, fannin gine-gine na buƙatar ƙarin ma'aikata 439,000.

Daga cikin sana'o'in da ake nema akwai ta masu sarrafa manyan injina, wato direbobin katafila da gireda da rola, da injin haƙa ƙasa, da kuma ƙugiyar ɗaga kaya. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka sun nuna cewa a 2024 matsakaicin abin da irin wannan ma'aikaci ke samu a shekara ya kai kimanin dala 58,000, kuma sana'ar ba ta buƙatar digirin jami'a.

A ƙasar da bashin karatu ya haura dala tiriliyan 1.6, yake kuma kan wuyan mutane sama da miliyan 40, ba abin mamaki ba ne idan matasa suka fara waiwayar aikin da za a koya musu kyauta, a kuma biya su albashi suna cikin koyo.

Sai dai kyautar tana da mai biya, kuma sanin ko wane ne shi zai taimaka wajen fahimtar abin da ya sa tsarin ke aiki, da abin da ya sa bai wadatar da kowa ba.

Ƙungiyar da ke riƙe da ƙofa

Babbar ƙungiyar da ke wakiltar masu sarrafa manyan injina ita ce IUOE, mai hedkwata a birnin Washington, wadda ke da mambobi kimanin 400,000 a Amurka da Kanada.

An kafa ta ne a birnin Chicago a 1896, a matsayin ƙungiyar masu kula da injinan tururi, a zamanin da fashewar tukunyar tururi ke yawan halaka ma'aikata. Da injinan tururi suka kau, masu aiki da man dizal suka maye gurbinsu, ƙungiyar ta bi sana'ar zuwa inda ta koma.

Uwar ƙungiyar ba ita ke ɗaukar masu koyo ba. Wannan aiki ne na rassanta, kuma kowane reshe yana da yankinsa da filin horonsa da ƙa'idojinsa.

Reshe na 3, alal misali, yana kula da arewacin Kalifoniya da arewacin Nevada da Utah da Hawaii, yana kuma da cibiyar horo a Rancho Murieta kusa da Sacramento. Reshe na 150 da ke yankin Chicago yana horar da mutanensa a garin Wilmington na jihar Illinois.

A 2018 kuma uwar ƙungiyar ta buɗe wata katafariyar cibiya mai faɗin eka 265 a Crosby, kusa da birnin Houston na jihar Texas, inda mambobi daga rassa daban-daban ke zuwa ƙaro ilimi.

Sharuɗɗan shiga ba su da wuyar faɗi. Galibin rassan suna buƙatar mai nema ya cika shekara 18, ya kammala sakandare ko ya mallaki takardar da ta yi daidai da ita, yana da lasisin tuƙi da izinin aiki a ƙasar, ya kuma tsallake gwajin miyagun ƙwayoyi. Bayan haka akwai jarrabawar lissafi da fahimtar karatu, sannan ganawa da kwamiti.

Wahalar tana wajen samun gurbi. Rassa da yawa kan buɗe karɓar takardu ne na 'yan kwanaki ko makonni kawai a shekara, kuma masu nema kan ninka guraben da ake da su. Wanda ya ci jarrabawa ma yakan shiga jerin jira, wani lokaci na watanni masu yawa.

Shekarun koyo

Wanda ya dace yakan sa hannu kan yarjejeniya a rubuce, wadda ake yi wa rajista da ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ko hukumar jiha. Tushen wannan rajista shi ne dokar koyon sana'a ta ƙasa da majalisar dokokin Amurka ta zartar a 1937.

Nan ne bambancin yake da abin da aka saba gani a ƙasashenmu, inda yaron mota ke bin maigidansa shekara da shekaru, ba tare da sanin ranar da za a yaye shi ba. A tsarin na Amurka an rubuta tsawon lokacin koyo, da abin da za a koyar, da albashin kowane mataki, tun kafin a fara.

Horon kan ɗauki shekara uku zuwa huɗu. A kowace shekara ana sa ran ɗan koyo ya yi kimanin sa'o'i 2,000 a bakin aiki na gaske tare da wani ɗan kwangila, ya kuma yi aƙalla sa'o'i 144 a aji ko a filin horo.

A watannin farko ba kasafai ake miƙa masa babban inji ba. Yakan fara ne da shafa wa injina man giris, da duba mai da ruwa, da riƙe sandar awon ƙasa, ko kuma tuƙa rola. Daga nan sai ya hau ƙananan injina, kafin ya kai ga gireda ko ƙugiya, waɗanda masu sana'ar ke ɗauka a matsayin mafi wuyar ƙwarewa.

A aji kuma yana koyon karanta taswirar gini, da nau'o'in ƙasa da yadda kowacce ke zaftarewa, da lissafin nauyin da ƙugiya za ta iya ɗauka gwargwadon tsawon hannunta, da kuma dokokin kiyaye haɗari.

Albashinsa kan fara ne daga kusan rabi ko fiye na abin da ake biyan cikakken ma'aikaci, gwargwadon yarjejeniyar reshensa. Yana ƙaruwa duk lokacin da ya cika wasu sa'o'i ya kuma ci gwaji. Ban da albashi, ana zuba masa kuɗin inshorar lafiya da na fansho.

Akwai makarantu masu zaman kansu da ke koyar da tuƙin manyan injina cikin 'yan makonni, a kan dubban daloli. Amma mai takardar irin waɗannan makarantu yakan fita ne ya nemi aiki da kansa, alhali 'yan kwangila sun fi duba yawan sa'o'in da mutum ya yi a kan inji.

Asusun haɗin gwiwa

Masana tattalin arziki sun daɗe suna nuni da wata matsala game da horar da ma'aikata a fannin gine-gine.

Aikin gini na ɗan lokaci ne. Da zarar an kammala gada ko hanya, sai a sallami ma'aikata, su koma wajen wani ɗan kwangilar. Don haka kamfanin da ya kashe kuɗi ya horar da direban katafila na tsawon shekara huɗu, yana iya wayar gari ya ga abokin gasarsa ne ke cin moriyar horon. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Idan kowane kamfani ya yi wannan lissafi, sai a wayi gari babu mai horar da kowa, kowa na jiran ya ɗauki wanda wani ya horar.

Maganin da ƙungiyoyin ƙwadago da 'yan kwangila suka samo shi ne asusun haɗin gwiwa. A cikin yarjejeniyar albashi da reshe ke ƙullawa da kamfanoni, ana ware wani ɗan kuɗi a kan kowace sa'a da kowane mamba ya yi aiki, a zuba a asusun horo.

Wakilan ƙungiya da na 'yan kwangila ne ke kula da asusun, kowane ɓangare da adadin kujeru daidai da na ɗaya. Daga cikinsa ake sayen filaye da injina da man dizal, a kuma biya malamai.

Da yake duk kamfanonin da suka sa hannu suna biya, babu wanda ke jin an ci da guminsa idan ma'aikaci ya sauya wurin aiki. Shi ma ma'aikacin ba ya asarar komai, domin fanshonsa da inshorarsa suna bin sa duk inda ofishin rarraba aiki na reshe ya tura shi.

Ke nan masu biyan kuɗin koyon su ne 'yan kwangila, da kuma tsofaffin ma'aikata, waɗanda suka amince wani ɓangare na abin da zai iya shiga aljihunsu ya tafi wajen horar da na baya.

Binciken da masana suka yi, ciki har da Cihan Bilginsoy na Jami'ar Utah, ya nuna cewa masu koyo a shirye-shiryen haɗin gwiwa sun fi kai wa ƙarshen horo idan aka kwatanta da waɗanda kamfanoni kaɗai ke horarwa. Duk da haka, a faɗin ƙasar, waɗanda ke kammala koyon sana'a ba su kai rabin waɗanda suka fara ba.

Hannun gwamnati

Tsarin ba zai tsaya da ƙafarsa ba in ba don wasu dokoki ba, kuma a nan ne siyasa ke shigowa.

Dokar Davis-Bacon ta 1931 ta wajabta wa duk ɗan kwangilar da ke aikin gini da kuɗin gwamnatin tarayya, matuƙar kwangilar ta haura dala 2,000, ya biya albashin da aka saba biya a yankin. Wannan ya hana kamfanonin da ba su da ƙungiya karya farashi ta hanyar rage albashi.

Dokar ta kuma ba da wata kafa mai muhimmanci: ɗan koyo mai rajista ne kawai za a iya biya ƙasa da albashin cikakken ma'aikaci. Saboda haka ɗan kwangila yana da riba idan ya ɗauki masu koyo ta hanyar da hukuma ta sani.

Jihohi da dama suna da irin wannan doka a kan ayyukansu, amma an yi ta kai ruwa rana a kanta. Indiana ta soke tata a 2015, West Virginia a 2016, Kentucky a 2017. Michigan ta soke a 2018, sannan ta dawo da ita a 2023 bayan 'yan Democrat sun karɓe majalisar jihar.

Masu neman a soke dokokin, galibinsu 'yan Republican da ƙungiyar ABC, suna cewa suna ƙara tsadar ayyukan gwamnati, suna kuma fifita 'yan ƙungiya a kan sauran ma'aikata. Ƙungiyoyin ƙwadago kuwa suna cewa idan aka karya albashi, asusun horo ne ke fara bushewa.

Abu na biyu shi ne kuɗin ayyuka. A watan Nuwamban 2021 Mista Biden ya sa hannu kan dokar ababen more rayuwa ta kimanin dala tiriliyan 1.2, wadda ta ware ƙarin dala biliyan 110 domin hanyoyi da gadoji, biliyan 66 domin jiragen ƙasa, da biliyan 55 domin ruwan sha. An tsara kuɗaɗen ne na shekara biyar, zuwa ƙarshen Satumban 2026.

Wata dokar ta Agustan 2022 ta ninka rangwamen haraji har sau biyar ga kamfanonin makamashi mai tsabta, idan suka biya albashin yanki suka kuma bai wa masu koyo wani kaso na aikin, wanda ya kai kashi 15 cikin ɗari na sa'o'in aiki daga 2024.

Amma a watan Yulin 2025 majalisa ta zartar da dokar haraji ta Shugaba Trump, wadda ta gajarta wa'adin rangwamen da ake bai wa ayyukan hasken rana da na iska. Masu lura da al'amura na ganin akwai saɓani tsakanin burin samar da masu koyo miliyan ɗaya da kuma rage ayyukan da aka ɗaure su da sharaɗin ɗaukar masu koyo.

Ƙorafin da ake yi

Babban ƙorafin da ake yi wa tsarin shi ne ƙuncin ƙofarsa.

Reshe ba ya ɗaukar masu koyo sai gwargwadon aikin da yake hange, domin ɗan koyon da ba a tura shi aiki ba ba zai tara sa'o'in da zai kammala ba. Masu suka na cewa akwai wani dalilin kuma: ƙarancin ƙwararru yana ɗaga albashin waɗanda ke ciki.

Tarihi ya nuna cewa wannan iko na zaɓen mai shiga an sha yin amfani da shi ba daidai ba. Shekaru da dama guraben koyo a sana'o'in gini kan tafi ne ga 'ya'ya da dangin mambobi, waɗanda kusan dukkansu fararen fata ne.

A 1971 gwamnatin jihar Pennsylvania da wasu baƙaƙen fata suka kai ƙarar reshe na 542 na IUOE da ke yankin Philadelphia. A 1978 alƙalin kotun tarayya Leon Higginbotham ya yanke hukuncin cewa reshen ya nuna wa tsiraru wariya da gangan wajen rarraba aiki. Shari'ar ta kai har Kotun Ƙoli a 1982, inda ta ce ba za a ɗora wa 'yan kwangila laifin ba sai an tabbatar da cewa su ma sun yi niyyar nuna wariya.

Al'amura sun sauya tun daga lokacin, kuma rassa da yawa na gudanar da shirye-shiryen share fage domin jawo tsiraru da mata da tsofaffin sojoji. Sai dai har yanzu mata ba su wuce kimanin kashi 4 cikin ɗari na masu sana'o'in gini a ƙasar ba.

Akwai kuma batun yawan ma'aikatan da tsarin ya shafa. A 2024 kusan kashi 10 cikin ɗari ne kawai na ma'aikatan gine-gine a Amurka ke cikin ƙungiya. A jihohi 26, galibinsu a kudu da tsakiyar ƙasar, doka ta hana tilasta wa ma'aikaci biyan kuɗin ƙungiya, kuma a yawancinsu ƙungiyoyin ba su da ƙarfi.

Wannan na nufin matashin da ke Chicago ko New York yana da hanyar da takwaransa na wani ƙauye a jihar Carolina ta Kudu ba lallai ne ya samu ba. A irin waɗannan wurare akasarin direbobin injina suna koyo ne a hannun kamfani, daga lebura zuwa direba, ko ta shirye-shiryen horo na ƙungiyar ABC.

Haɗari da zaman jira

Sana'ar kanta ba ta da sauƙi. Fiye da ma'aikata 1,000 ne ke mutuwa a fannin gine-gine a Amurka a kowace shekara, wato kusan ɗaya cikin biyar na duk masu mutuwa a bakin aiki.

A watan Maris na 2008 wata ƙugiya ta rikito a birnin New York ta halaka mutum bakwai, sannan a watan Mayu wata ta sake faɗowa ta kashe biyu. Waɗannan haɗurra sun ƙara matsin lamba a kan hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta OSHA, wadda ta fitar da sababbin ƙa'idoji a 2010. Tun daga Nuwamban 2018 wajibi ne mai sarrafa ƙugiya a wurin gini ya mallaki takardar shaidar ƙwarewa.

Wannan ya ƙara wa horo na hukuma daraja, domin rassan IUOE suna shirya mambobinsu su ci irin wannan jarrabawa.

Bayan haɗari akwai zaman jira. A jihohin arewa, inda ƙasa ke daskarewa a lokacin hunturu, aikin hanya kan tsaya na watanni, ma'aikata su koma karɓar kuɗin rashin aiki. Da yawa daga cikin darussan aji ana yin su ne a wannan lokaci.

Karayar tattalin arziki kuwa ta fi hunturu muni. Bayan rikicin kuɗi na 2008 fannin gine-gine ya yi asarar guraben aiki fiye da miliyan biyu, kuma a watan Fabrairun 2010 rashin aikin yi a fannin ya kai kashi 27 cikin ɗari. Da sa'o'in aiki suka ragu, kuɗin da ke shiga asusun horo ya ragu, aka kuma rage ɗaukar masu koyo. Ana danganta wani ɓangare na ƙarancin ƙwararrun da ake kuka da shi da wancan giɓi.

Injin da ke tuƙa kansa

Wata tambayar da matashin da ke shirin ba da shekara huɗu na rayuwarsa zai yi ita ce ko sana'ar za ta ɗore.

Kamfanonin Komatsu na Japan da Caterpillar na Amurka sun shafe shekaru suna sayar da manyan tifofi marasa direba ga mahaƙar ma'adinai, musamman a Ostireliya da Chile. Katafila da gireda na zamani kuma suna amfani da tauraron ɗan adam wajen daidaita tsayin ƙasa, aikin da a da sai ƙwararren ido da hannu.

Sai dai mahaƙar ma'adinai wuri ne killatacce, inda mota ke bin hanya ɗaya kullum. Wurin gini a tsakiyar birni yana cike da mutane da bututun gas da wayoyin lantarki da ke binne, kuma yanayinsa na sauyawa kowace rana.

Ƙungiyar IUOE ta zaɓi ta tafi tare da fasahar. A 2020 ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Built Robotics na Kalifoniya domin horar da mambobinta yadda za su kula da injinan haƙa masu sarrafa kansu. Lissafinta shi ne, idan har aikin zai koma na sa ido a kan kwamfuta, to mambobinta ne ya kamata su zauna a gabanta.

A ɗaya ɓangaren kuma, gina manyan cibiyoyin adana bayanai da kamfanonin fasaha ke yi, da tashoshin lantarkin da za su ciyar da su, ya buɗe wa masu sarrafa injina sabuwar kasuwa.

Abin da ke gaba

Adadin masu koyon sana'a a hukumance a Amurka ya haura 600,000, a ƙasar da ke da ma'aikata kimanin miliyan 170. Idan aka kwatanta da Jamus ko Switzerland, inda koyon sana'a a kamfani ya zama hanyar da ɗimbin matasa ke bi bayan makaranta, adadin kaɗan ne ƙwarai.

Umarnin shugaban ƙasa zai iya sauƙaƙa rajista, ya kuma ƙara tallafi. Amma a fannin manyan injina, ɗan koyo yana buƙatar inji da zai hau, da ƙwararren da zai tsaya a kansa, da ɗan kwangilar da ke da aiki a hannu. Duk waɗannan sun dogara ne a kan yawan hanyoyi da gadojin da majalisa ta amince a gina, da kuma yawan kamfanonin da suka yarda su zuba kuɗi a asusu ɗaya.

Don haka masu sharhi na ganin cewa matakin da majalisar dokoki ke ɗauka kan kuɗin hanyoyi, da yadda jihohi ke yi da dokokin albashi, su ne za su nuna ko guraben koyo za su ƙaru, ko kuwa jerin masu jira a ƙofar rassan ƙungiyar ne zai ƙara tsawo.